Shafi Uku Daga Kawu

Litinin, 3 ga wata

Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma gwiwar nan ta daina yi maka gardama a kan matakalar tasharku ta madatsar ruwa. Ni ƙalau nake, ban da murar da ta zagaye rabin hostal ɗinmu, ta leƙo ni kwana biyu ta wuce. Jiya na yi waya da Umma, hawan jininta ya sauka. Ta ce in gaya wa ɗan baffanta shekara huɗu ke nan rabonta da ganin fuskarsa, in madatsar ruwan nan ce ta zama danginsa ya faɗa mata ta sani.

Tunda har yanzu ana karɓe muku waya a bakin ƙofar tasha, ga ni na sake ɗaukar biro kamar 'yar zamanin da. Direban motar kayanku ya ce jibi zai juya, shi ya sa nake sauri.

Labarin shi ne sashenmu ya shirya gasar ƙirƙirar manhaja, kwana uku, daga sha bakwai ga wata. Mutum uku-uku ake shiga. Daga takwas na safe zuwa shida na yamma muna cikin babban ɗakin kwamfuta, in an tashi a kulle ɗakin da kayanmu a ciki. Dokoki goma suka ba mu, ga kwafin nan na sako maka. Waya a kwando take wuni a bakin ƙofa. Kowace sadarar kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, sai an rubuta ta a cikin ɗakin, da hannun 'yan ƙungiya, ba da taimakon kowa daga waje ba. A ƙarshe kowa zai sa hannu a takarda cewa haka aka yi, kuma in mutum ɗaya ya karya doka, duk ukun ne za a kora.

Ƙungiyarmu ni ce, da wata da muke kira 'Yar Shiru saboda sai ta wuni ba ka ji muryarta ba, sai shugabanmu Dogo. Ƙungiya uku da suka fi kowa za a ba su gurbin sanin makamar aiki na wata shida a wani kamfani. Ni da 'Yar Shiru muna da sauran lokaci. Dogo ba shi da shi. 'Yan ajinsu sun fita bara sun bar shi, don sau biyu yana neman gurbi bai samu ba, kuma ba a ba mutum takardar kammalawa sai ya yi wata shidan nan. In bana ma ta wuce shi, ya ƙara shekara ke nan. Mutum ne mai kirki, Kawu. Shi ya koya wa rabin ajinmu abin da malamai suka faɗa a tsaye suka wuce.

An riga an faɗi batun gasar: manhajar tsara layin marasa lafiya a asibiti. Ina ta gwaji a ɗaki, kuma wuri ɗaya ya tsaya min a wuya. Duk sanda na cire mai ciwon gaggawa daga tsakiyar layi na kai shi gaba, wanda ke bayansa sai ya ɓace, manhajar ta tsallake shi kamar bai taɓa zuwa asibitin ba. Kwana huɗu ina fama da shi.

Duk abin da na iya a wannan fanni daga bayan wasiƙunka na kwafe shi, ka sani. Kada ka manta da ni a kwanakin nan, ina bukatarka.

'Yarka,
Guntuwa

Juma'a, 14 ga wata

Guntuwa,

Na amsa sallama, na kuma ji daɗin jin lafiyarku. Gwiwa tana nan da halinta, matakala casa'in da biyu ce daga ɗakin injuna zuwa ɗakin da nake zama, kuma kullum sai ta ƙirga min su. Ki ce wa Ummanki na ji saƙo, faɗan ma na ji shi har nan. In ruwa ya ja baya aka ba ni hutu, ita zan fara gani.

Takardar dokokinku ta iso, amma wanda ya buga ta bai san akwai masu shekara hamsin da takwas a duniya ba. Rubutun kamar ƙafar tururuwa, gilashina kuma hannunsa ɗaya ya karye, da zare na ɗaure shi. Na ajiye ta ƙarƙashin kofin shayi, zan karanta in na huta. Dokar gasa ai duk ɗaya ce: kada ka yi sata, kada ka zagi alƙali.

Yanzu ga maganar da ta sa kika ce kina bukatata. Sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin nan har mai shara ya leƙo. Wannan ciwon naki ni ma ya kama ni shekara ashirin da suka wuce, lokacin da nake tsara jerin gyaran ƙofofin ruwa. Kina bin layi daga gaba zuwa baya, kina cire mutum a tsakiya, sai kowa ya matso taki ɗaya, ke kuma ki taka gaba, kin ga kin haye kan wanda ya matso. Ki fara daga ƙarshen layi ki dawo gaba. In kika cire wani, waɗanda za su matso kin riga kin gama da su.

Na san halinki, in na tsaya a nan za ki ce na yi miki rowa. Don haka na zauna na rubuta miki abin gaba ɗaya, shafi uku, ga su nan a baya. Har na ƙara miki yadda za ki ba wanda ya daɗe yana jira maki, don kada mai ciwon kai ya kwana a benci saboda masu gaggawa ba sa ƙarewa. Rubutun hannuna ne, in kin kasa karantawa ki tuna ke kika zaɓi kawu mai rubutun kaza.

Ki gaishe min da Dogon naku. Ki ce masa wani tsoho a bakin ruwa yana yi masa addu'a.

Kawunki

Alhamis, 20 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai ƙalau, Umma ma lafiya. Ka yi haƙuri ban tsawaita gaisuwar ba.

Da na ce ina bukatarka, addu'a nake nufi, Kawu. Addu'a kawai.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Ranar farko ta tafi daidai. Ranar Talata, rana ta biyu, muka isa wurin nan da na gaya maka, muka cije. Dogo ya gwada nasa, 'Yar Shiru ta gwada nata, mutane suna ta ɓacewa daga layi. Da aka ba da hutun azahar na koma hostal in wanke fuska, sai mai gadi ya miƙo min ambulan ya ce direba ya kawo da safe. Na ga rubutunka, raina ya yi sanyi, na ce ga addu'ar ta iso a kan lokaci. A tsaye na buɗe, a bakin famfo.

Ban ankara ba sai da na wuce maganar gilashi na faɗa cikin maganar fara layi daga ƙarshe. Ka san yadda ido yake, ba ya neman izini. Kafin in naɗe takardar na riga na ga shafin farko na kod ɗin, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na biyun ma na duba shi. Na uku ne kawai ban buɗe ba. Na cusa su ƙarƙashin katifa, na koma ɗakin gasa ba komai a hannuna, mai sa ido ta caje jakata ta ce in wuce.

Na zauna na ce zan nemi wata hanya tawa. Awa ɗaya da rabi ina nema. Duk inda na juya, taka ce a gabana. Shekara uku ina kwafar rubutunka a littafi, yatsuna sun san tafiyarka fiye da tawa. Wajen ƙarfe huɗu na daina kokawa, na rubuta. Muka gwada da marasa lafiya ɗari biyu na ƙarya, ba wanda ya ɓace.

Ga inda laifin ya tashi daga kanka ya dawo kaina. Doka ta bakwai ta ce in taimako ya zo wa mutum daga waje ba da nemansa ba, ya ɗaga hannu nan take ya gaya wa mai sa ido. Za a goge wannan ɓangaren, ƙungiya ta ci gaba da sauran aikinta, ba hukunci. Amma sai a cikin kwana ukun gasar. Na san dokar, ni ce ma na karanta wa 'yan ƙungiyarmu ita da ƙarfi ranar da aka raba takardun.

Mai sa ido tana nan, tazarar tebur biyu tsakaninmu, tana cin gyaɗa. Na fara ɗaga hannun. Sai Dogo ya dafa tebur ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana motsi. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce, "Guntuwa, kin san yau wata nawa rabona da in ga abu ya yi aiki a hannuna?" 'Yar Shiru ma sai da ta yi magana, ta ce, "Kanki yana ja." Na mayar da hannun na sosa kunne.

Na ce gobe da safe zan faɗa. Da safen Laraba muka tarar da aiki ya taru, kowane sabon abu a kan wancan ɓangaren muke ɗora shi. Da azahar na ce bayan hutu. Ƙarfe shida aka kaɗa ƙararrawa, aka karɓi aikin kowa, aka kulle ƙofa.

Yanzu za su fitar da ƙungiya biyar, a kira su ranar talatin da ɗaya ga wata a yi musu tambayoyi, su sa hannu, sannan a zaɓi uku. Abin kunya ne, amma addu'ata yanzu ita ce kada mu fito a cikin biyar ɗin. In muka faɗi da kanmu, ba wanda zai miƙo min takarda.

Ka rubuto min da wuri. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai kai.

Guntuwa

Asabar, 22 ga wata

Guntuwa,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Nan ma lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, har an buɗe ƙofar ruwa biyu. An ce motar kayanmu ta lalace a hanya, don haka ban ga amsarki ba. Wani abokin aikina ne zai fita hutu, na ce bari in ba shi wannan ya jefa miki.

To, yaya aka ƙare? Na ƙirga kwanaki, na san kun gama tun Laraba. Na gaya wa duk wanda ke tashar nan cewa 'yata tana gasa, har mai dafa mana abinci yana tambaya ko kin ci kofi. Kada ki ba ni kunya, na riga na cika baki.

Abin da ya sa na matsu in rubuto: bayan na aika waccan wasiƙar na tuna na yi kuskure a shafi na uku, sadara ta sha huɗu. Na sa alamar "ya fi" a inda ya kamata in sa "ya kai ko ya fi". In kin kwafa yadda yake, wanda ya jira awa biyu cif ba za a ƙara masa maki ba. Ina fata kin gano da kanki. In ba ki gano ba, ki ce wa alƙalai laifin wani tsoho ne mai gilashin zare.

Takardar dokokin tana nan, shayi ya ɗan zuba a gefenta. Gobe ba ni da aiki, zan zauna da ita.

Kawunki

Talata, 25 ga wata

Kawu,

Ina yini. Lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai abinci ba ya shiga. Umma ta ji muryata a waya ta ce ko zazzaɓi ne, na ce mata gajiya ce.

Wasiƙarka ta Asabar ta iso yau, na gane ba ka ga tawa ba. Na karanta inda ka ce in gaya wa alƙalai laifin wani tsoho ne, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Shafi na uku ban taɓa buɗe shi ba, don haka kuskurenka bai shiga aikinmu ba. Abin da ka yi daidai ne ya shiga.

An liƙa sunaye jiya a allon sanarwa. Mu ne na biyu a cikin biyar. Dogo ya tsaya gaban allon ya fi minti goma, mutane suna ture shi bai sani ba. Daga nan ya kira babarsa a gabanmu, na ji tana guɗa a cikin wayar. Ya aro riga mai dogon hannu ta ranar tambayoyi, hannun bai kai masa wuyan hannu ba, yana ta ja yana dariya.

Na zauna na juya maganar ta kowace fuska. In na faɗa yanzu, lokacin doka ta bakwai ya wuce, doka ta goma ce za ta hau kanmu, mu uku a waje. Dogo ya ƙara shekara saboda wasiƙar da bai san da ita ba. In na yi shiru, zan sa hannu a ƙarƙashin magana da na san ƙarya ce, kuma ƙungiyar da za ta zo ta huɗu, su ma mutane ne, akwai wata a cikinsu da muke cin abinci a kwano ɗaya. Na je ofishin shugabar kwamitin gasa sau biyu. Na farko na tarar da ƙofa a rufe na ji daɗi. Na biyu tana ciki, ta ce, "Lafiya?" na ce na zo tambayar ƙarfe nawa za a fara ranar Litinin.

Wani lokaci ina ce wa kaina ai dabarar fara layi daga ƙarshe tana cikin littattafai, da na ƙara kwana ɗaya da na gano ta. Wataƙila haka ne. Amma ban ƙara kwanan ba, kuma ba a littafi na gani ba, a bakin famfo na gani da rubutunka.

Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Dogo ne shugaba, kuma shekararsa ce a kan layi, ba tawa ba. Zan jira amsarka zuwa Juma'a. In ba ta zo ba zan gaya masa komai, duk abin da ya ce a yi, shi za a yi. Ina ganin hakan shi ne adalci.

Guntuwa

Asabar, 29 ga wata

Guntuwa,

Ina fata wannan ta same ki da sauƙin zuciya. Ni lafiyata ƙalau, in za a kira wannan lafiya. Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya da yamma, motar sai da ta yi kwana shida a garejin hanya.

Na karanta dokokin. Tun Lahadi na karanta su, da gilashin mai dafa abinci, kuma tun daga doka ta uku na gane abin da na yi. Na yi ta fatan wasiƙata ta makara a hanya kamar yadda ta saba. Sau ɗaya a shekara direban nan yake cika alkawari, sai ya zaɓi ranar.

Ba zan ce miki ba komai ba ne. Da farko na so in ce haka, har na fara rubutawa: wai duk ilimi daga wani ake samo shi, wai ni na koya miki tun farko, to mene ne bambanci. Na yaga takardar. Bambancin shi ne sauran yaran suna cikin ɗaki an karɓe musu waya, ke kuma kawunki ya zagayo ta taga. Kin aiko min da dokoki, na ɗora musu kofi. Kin ce kina bukatata, ni kuma da yake abu ɗaya na iya a duniya, na ɗauka shi ake nema. Ki yafe min.

Amma ki saurare ni a kan abu ɗaya, kuma da babbar murya nake faɗa: kada ki gaya wa Dogo don ya yanke miki. Kin kira shi adalci, ni ban ga adalci a ciki ba. Yanzu yaron nan hannunsa tsarkakakke ne. In ya sa hannu ranar Litinin, gaskiya ya sa wa hannu, iyakar saninsa. Ranar da kika gaya masa, kin ɗauke kayan daga kanki kin aza a kan wanda ya fi ki rauni a wannan magana, kin ce ya zaɓa tsakanin shekararsa da mutuncinsa. Ke ce kika ga takardar, ke ce za ki shiga ofishin.

Ga wata wasiƙa na sako, zuwa ga shugabar kwamitin, ban liƙe ta ba don ki karanta. Na bayyana cewa ni na aiko ba a tambaye ni ba, na roƙe su su cire ki ke kaɗai, su bar biyun da ba su san komai ba, ko su ba su awa uku su sake rubuta ɓangaren a gabansu. Ban san ko za su yarda ba. Doka ta goma ba ta bar ƙofa ba, na karanta ta sau biyar. Amma mutane ne suka rubuta ta, kuma wanda ya kawo kansa tun kafin ranar sa hannu ba ɗaya yake da wanda aka tsayar a gaban takarda ba.

Na nemi izinin fita in zo da kaina, an ce ba mai barin tasha sai ruwa ya sauka. Na tsaya a bakin ƙofar waje kusan awa ɗaya ina jiran ko wata mota za ta wuce. Direban ya rantse min gobe zai tashi.

Kawunki

Alhamis, 3 ga sabon wata

Kawu,

Sallama. Ina fata ruwan ya sauka, gwiwa kuma da sauƙi. Ni ina nan. Umma lafiya, na gaya mata ba mu ci gasar ba, ban gaya mata dalili ba.

Wasiƙarka jiya Laraba ta iso. An gama komai tun Litinin. Wadda ka rubuta wa shugabar kwamiti na karanta ta, ta yi kyau, ga ta nan na mayar maka.

Na jira har Juma'a kamar yadda na ce. Da la'asar na sami Dogo a bayan ɗakin karatu, yana bitar tambayoyin da yake zaton za a yi mana. Na ba shi shafukan uku. Ya karanta biyun farko a hankali, ya gane su, don shi ya gwada ɓangaren da hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Talatar gasa. Ya ce, "Lokacin da kika sosa kunne." Ashe ya gani.

Na ce masa duk abin da ya yanke na yarda. Ya dube ni ya ce, "To me ya sa kika gaya min? Da kin bar ni ban sani ba, ai da na sa hannuna da zuciya ɗaya." Na ce ina ganin haƙƙinsa ne ya sani. Ya ce, "Haƙƙina ne in sani ranar Talata." Ya miƙo min takardun ya tafi. Asabar da Lahadi bai ɗauki wayata ba.

Ranar Litinin ya zo da rigar aron. Alƙalai uku ne a bayan dogon tebur, da shugabar kwamiti a gefe. Sun yi mana tambayoyi na minti ashirin. Ɗayansu, wani mai furfura, ya tsaya a kan ɓangaren ya ce wa ya rubuta, na ce ni. Ya ce me ya sa na fara daga ƙarshen layi. Na yi masa bayani tas, da misalin mutanen da ke matsowa taki ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ta san abin da take yi." Ba wanda ya zarge mu da komai, Kawu. Ko kusa.

Sai shugabar ta turo takardar, layi uku na sa hannu, shugaban ƙungiya a sama. Dogo ya ɗauki biro. Ya karanta abin da ke rubuce, alhali duk mun haddace shi. Ya daɗe har shugabar ta ce, "Akwai matsala ne?" Ya ajiye biron a kan takardar ya ce, "Malama, ba zan iya ba. Akwai taimakon waje a aikinmu." Bai ambaci sunana ba. Ni ce na faɗi sauran, don a lokacin ba abin da ya rage.

Sun fitar da mu suka tattauna, suka dawo da mu. Shugabar ta ce ta ji takaici, kuma ta yaba da gaskiyar da aka faɗa, amma doka ta goma ba ta da sassauci. Ta ce da mun zo ko da mako ɗaya kafin ranar, da akwai abin dubawa. An cire mu. Ba za a kai maganar gaba ba, ba a kore ni daga makaranta ba. 'Yar Shiru ta ɗauki jakarta ta fita, har yau ba ta ce min komai ba, kuma wannan shirun ba irin na da ba ne.

A matakala na tsayar da Dogo na ce ya yafe min. Yana naɗe hannun rigar. Ya ce, "Zan yafe, amma ba yau ba. Kin ba ni abin da ya fi ƙarfinki ki ɗauka, na ɗauka. Kada ki ce in yi miki godiya." Jiya na gan shi a ofishin rajista, a layin masu sabunta shekara, ya fi kowa tsawo a layin.

Ka nemi in yafe maka, na yafe tun a bakin famfo. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kai ma sai da na yi ta juya biron nan kafin in rubuta. Mutane a sashe suna cewa ƙungiyarmu ta yi abin kirki, wani malami har ya tsayar da ni ya ce haka ake son ɗalibi. Ba su san komai ba. Tun daren Lahadi na gama yanke shawara. Na ce in Dogo ya sa hannu zan sa, in ce don shi na yi.

Lokacin da yake tsaye yana karanta takardar nan, ni ina bayansa, Kawu, na riga na cire murfin birona.

'Yarka,
Guntuwa